Awa uku muna jiran jini leda ɗaya: tsanaki ne ko jan rai?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke cikin gidan nan ce, musamman na lab, kuma don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah, ban da kare abokin aiki.

Daren Talata mai ɗakina ta haihu, jini ya ɓalle mata. An samu ya tsaya, amma likita ya ce PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jininta, ya faɗo 19, sai an ƙara mata leda biyu. Na ce ga ni, a ɗebi nawa, ai rukuninmu ɗaya, O ne mu duka. Mutumin lab ya ce ba sa son jinin miji ga matar da za ta iya sake haihuwa nan gaba. Na kira ƙanena, ya taso cikin daren nan a kan babur, aka ɗebi kaɗan aka gwada, aka ja shi gefe aka yi masa magana, ya fito ya ce mini nasa ba zai yiwu ba. Sai wani maƙwabcina ne Allah ya taimake mu da shi. Daga lokacin da aka ce a nemo jini zuwa lokacin da aka ɗaura mata ledar farko, awa uku har da ɗoriya. Ina cikin wannan safa da marwa wani ya tare ni a bakin get, ya ce in na ba shi kuɗi, minti ashirin zai kawo mini leda wadda an riga an gwada. Wallahi saura kaɗan in ba shi.

Alhamdu lillahi ta samu sauƙi, har mun koma gida. Amma abin yana ci na. O da O, me ake gwadawa har awa uku?

Uwar_Tagwaye:
Barka da arziki Abban Hanifa, Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Ni dai na gode Allah da ba ka ba na bakin get ɗin nan kuɗinka ba.

Garba_Kantin_Kwari:
Malam, neman kuɗi ne kawai. Tun muna sakandare aka koya mana O yana ba kowa. In yana ba kowa, gwajin na mene ne? Su dai a biya kuɗin wannan, a biya na wancan.

Sayantis_Na_Benci:
Wa alaikumus salam. Shekarata goma sha ɗaya a ɓangaren jini, bari in faɗi abin da ke faruwa a bayan tagar nan da kuke tsayawa.

Aiki biyu ne daban, mutane suna haɗa su. Na farko a kan mai bayarwa: a yi masa tambayoyi, a auna nauyinsa, kada ya gaza kilo 50, a duba ko shi kansa yana da isasshen jini, sannan a gwada cututtuka huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole a gwada a kowace leda: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere. In ya tsallake, a ɗebi mililita 450. In bai tsallake ba, kamar yadda ya faru da ku, an koma farko ke nan da wani mutum.

Na biyu shi ne gwajin dacewa, wanda muke ce wa kuros-macin. Muna haɗa ruwan jinin mara lafiya da jajayen ƙwayoyin jinin da ke cikin ledar, mu ajiye a ɗumin jikin mutum, digiri 37, mu wanke, mu ɗiga wani sinadari da ake kira na Coombs, mu duba ko sun dunƙule. In an yi shi cikakke, minti 45 zuwa awa ɗaya yake ci, kuma ba yadda za ka yi ka gaggauta shi, kamar ka ce shinkafa ta nuna a minti biyar ne.

Yaya Garba, abin da aka koya mana a sakandare rabin magana ce. A, B, AB da O tsari ɗaya ne kawai, wanda Karl Landsteiner ya gano a 1901. Bayan shi akwai Rh, wato fozitif da negetif ɗin nan, akwai Kell, Duffy, Kidd, tsare-tsare sama da 40. Macen da ta taɓa ciki ko wanda aka taɓa ƙara wa jini yana iya samun garkuwar da za ta yaƙi ɗaya daga cikinsu. Sai ka ga O da O, amma an haɗa sun ƙi juna. Na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Abban_Hanifa:
Na fahimta Malam. To amma da jinin bai tsaya ba fa? Haka za ta mutu ana jiran shinkafa ta nuna?

Likitar_Mata:
A'a ɗan'uwa. In rai na hannun Allah kuma muna ganin za a rasa ta, likita yana sa hannu a ba da jinin gaggawa: O negetif ba tare da jiran cikakken gwaji ba, ko kuma na rukuninta bayan ɗan gajeren gwaji na minti goma zuwa sha biyar. Kasada ce, amma ta fi jira. Da ka ce jinin ya tsaya kuma ta tsaya a 19, ina kyautata zaton sun ga akwai sararin yin aikin yadda ya kamata. Matsalar ita ce wannan hanyar gaggawar sai in akwai jini a firij. Asibitoci da yawa firij ɗin wayam, sai an kawo mutum a ɗiba. Kuma masu O negetif ƙalilan ne a cikinmu. To ka ga awa ukunka, mafi yawanta ba a gwaji ta tafi ba, a neman mai bayarwa ta tafi.

Maganar jinin miji kuwa, mutumin lab ɗin ya yi daidai. In aka sa mata naka, jikinta yana iya ƙirƙiro garkuwa a kan wani abu da ke jikin ƙwayoyin jininka. Cikin gaba, in jaririn ya gado wannan abin daga gare ka, garkuwar uwa sai ta ratsa mahaifa ta riƙa farfasa jininsa. A haife shi da shawara mai tsanani, ko ya zo ba rai. Irin wannan ne ke faruwa da mace mai negetif da ta haifi ɗa mai fozitif, shi ya sa muke yi mata allurar anti-D kafin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari.

Bello_Na_Sakkwato:
Ni kam na saye, ba ni ɓoyewa. Shekaran da tsohuwarmu ta kwanta, munka rasa mai ba mu, wani yaro ya zo munka biya shi, anka gwada anka ce lafiya lau. Ta rayu shekara huɗu bayan nan. In an gwada ai shi ke nan, mi ar ruwana da ko saye na yi ko kyauta?

Sayantis_Na_Benci:
Baba Bello, Allah ya jiƙan tsohuwa. Amma nan ne gizo ke saƙar. "An gwada" ba ya nufin ba komai. Kowace cuta tana da lokacin ɓuya, tsakanin ranar da ta shiga jiki da ranar da gwaji zai iya ganinta. Ɗauki ƙanjamau. Tsinken gwajin nan na minti sha biyar, wanda garkuwar jiki kawai yake nema, yana iya kasa ganinta har kusan wata uku. Na'urar ELISA irin ta zamani, wadda ke neman wani ɓangare na ƙwayar cutar kanta, tana rage wannan zuwa kamar mako biyu zuwa shida. Gwajin NAT, mai neman ƙwayar halittar cutar, yana kama ta tun wajen kwana goma, sai dai tsadarsa ta sa wurare kaɗan ne ke yinsa a ƙasar nan.

Saboda haka tambayoyin da muke yi wa mai bayarwa su ne katangar farko, ba tsinke ba. Wanda ya zo don Allah, in ka tambaye shi ko ya yi mu'amalar da yake shakka a watannin nan, ba shi da dalilin ɓoyewa. Wanda ya zo don kuɗin cefane kuwa ba zai faɗa maka abin da zai hana shi kuɗin ba. Ga shi wasunsu yau suna wannan asibiti, bayan mako biyu suna wancan, alhali ƙa'ida wata uku ne ga namiji, huɗu ga mace. Ka ɗebi jinin ka ga kamar ruwan zoɓo da aka tsinka. An ƙara wa mara lafiya leda guda, PCV ko motsi.

Har ɗan'uwa na jini ma yakan ɓoye, don kunya. Ya za a yi ya ce ba zai ba yayarsa ba a gaban dangi?

Bello_Na_Sakkwato:
To Allah shi kyauta. Ni ban san da wagga magana ta ɓuya ba.

Nas_A_Manchesta:
Ina aiki a Ingila shekara shida yanzu, bari in ƙara wani abu da bai shafi cuta ba. A nan akwai tsarin da ake kira SHOT, tun 1996 suke tattara rahoton duk wata matsala da ta biyo bayan ƙarin jini a ƙasar. Abin da rahotanninsu ke nunawa shekara da shekaru shi ne mafi yawan matsalolin kuskuren ɗan Adam ne: an ɗebi jinin wani an rubuta sunan wani a kwalba, ko an ɗauko ledar gado na uku an ɗaura wa na huɗu. Na'ura ta yi aikinta daidai, a kan jinin da ba na mai shi ba.

Shi ya sa a nan ba a rubuta suna a kwalba sai a bakin gadon, kana kallon abin hannun mara lafiya mai ɗauke da sunansa, ka kuma sa ya faɗi sunansa da ranar haihuwarsa da bakinsa. Kuma wanda ba su da tarihin rukuninsa, sai an ɗebi jininsa sau biyu a lokuta daban, sakamakon ya zo ɗaya, kafin a ba shi na rukuninsa. Ku tuna ɗakin haihuwa a gida: A'isha Muhammad nawa za ka samu a dare ɗaya? Na taɓa yin dare da uku.

Kuma kada a ɗauka Turawa ba su taɓa kwafsawa ba. A watan Mayun 2024 aka fitar da rahoton binciken gurɓataccen jini a Birtaniya: mutum sama da 30,000 aka sa wa ƙanjamau ko ciwon hanta daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, kimanin 3,000 sun mutu. Wani ɓangare na maganin da aka yi wa masu cutar rashin daskarewar jini daga Amurka aka shigo da shi, inda ake biyan masu bayarwa, har da fursunoni. Baba Bello, ka ga maganar saye ta dawo.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Tunda ana maganar lab, 'yata an yi mata jinotayif kafin aure, wani wuri suka ce AA, wani suka ce AS. Wa za mu yarda da shi? Haka taifot, duk wanda ya je sai an ce yana da ita. Ni yanzu takardar lab kallonta kawai nake.

Ɗan_Lab_Mai_Gaskiya:
Hajiya, kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Abokin aikina na sama ya faɗi yadda ya kamata a yi. Ni bari in faɗi yadda ake yi a wasu wuraren, tunda Abban Hanifa ya ce ban da kare juna.

Na yi aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi, ba zan kama suna ba. Sinadarin gwada rukunin jini, shuɗi na A da rawaya na B, a firij ake ajiye su, digiri 2 zuwa 8. Wuta ta ɗauke tun la'asar, mai asibiti ya ce ba za a ta da janareta ba sai an yi tiyata. Ƙa'ida kowace safiya ka gwada sinadarin da jinin da ka riga ka san rukuninsa, ka ga ko yana aiki, ka rubuta. Ba littafin ma. Rukuni kuma ta fuska biyu ake tabbatar da shi, a gwada ƙwayoyin, a gwada ruwan jinin, su gaskata juna. Can kuwa a ɗiga a kan tayil, a juya da tsinken ashana, a rubuta. Wata tara na yi na gudu.

Jinin kansa digiri 2 zuwa 6 yake so, a firij ɗinsa na musamman mai ƙararrawa, kuma kwana 35 ne iyakarsa a irin ledar da muka fi amfani da ita. Ba firij ɗin da ake sa lemo da ruwan leda ba.

Jinotayif ɗin 'yarki, a sake a babban asibiti, in da hali a wurin da ke da na'urar HPLC, don tsohuwar hanyar in takardar ko ruwan sinadarin ya tsufa layukan ba sa rabuwa da kyau. Kuma in an ƙara mata jini cikin wata uku da suka wuce, a jira, don jinin wani ake karantawa. Taifot kuwa, gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da ita a ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Shuka jini a lab, a ga ko ƙwayar za ta tsiro, shi ne hujja. Kuma kina da ikon tambaya ko wurin yana da rajista da MLSCN, hukumar da ke kula da aikin lab a Najeriya. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Sayantis_Na_Benci:
Ban musa ba. Amma a faɗa gaba ɗaya: akwai wuraren da ake aiko mana samfur daga waje ba mu san amsarsa ba, mu gwada mu mayar, a ba mu maki. Akwai masu bin ma'aunin ingancin lab na duniya, ISO 15189. Kada mutane su tashi daga nan da tunanin duk kanwar ja ce, su koma wa na bakin get.

Issoufou_Damagaram:
Mu ma nan Nijar zancen ɗaya ne. Akwai cibiyar ƙarin jini ta ƙasa a Yamai, da na jihohi, amma lokacin damina in masassarar sauro ta kama yara, jini ba ya isa ko kaɗan. Uwa ta zo daga ƙauye da yaro fari fat, a ce ta nemo mai bayarwa, ba ta san kowa ba cikin gari. Mu dai samarin unguwarmu mun rubuta sunayenmu da rukunin kowa, in an kira mu tafi.

Ummu_Sudais:
Tambaya don Allah, ko da ta fita daga layi. In namiji ya ba mace jini, ta haramta gare shi kamar shayarwa? Wata ta ce min haka.

Malam_Na_Zaure:
Ba ta haramta ba 'yar'uwa. Nasaba, shayarwa da surukuta ke haramta aure, ƙarin jini ba ya cikinsu. A bar yaɗa wannan, kada a hana mutane taimako.

Maman_Sadiq:
Ɗana sikila ne, shekararsa 14, ƙarin jini ba baƙonmu ba ne. Abban Hanifa, ni yanzu in aka kawo jini da wuri ma tsorata nake. Akwai ranar da aka ɗaura masa, ko minti goma ba a yi ba ya fara rawar sanyi, yana cewa bayansa, bayansa. Na kira nas tana wani ɗaki. Da hannuna na murɗe abin na tsayar. Fitsarin da ya yi bayan nan kamar shayi ba madara. Daga baya aka ce jikinsa ya tara garkuwa saboda yawan ƙarin da aka yi masa, yanzu sai an gwada leda uku huɗu kafin a samu wadda ta dace. Wani lokaci kwana muke yi muna jira. Jiran da ciwo, amma na ga ɗayan.

Kuma ina tambaya, wannan da ake ba mai jinya leda a ce ya sa a hammata ko a ruwan ɗumi, daidai ne?

Sista_Rabi:
Maman Sadiq, kin yi daidai da kika tsayar, Allah ya ba shi lafiya. Minti sha biyar na farko ƙa'ida nas tana kusa, an auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini kafin a fara, a sake aunawa. Zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon baya ko ƙirji, numfashi sama-sama, fitsari ya yi duhu: a tsayar, a kira likita, a mayar da ledar lab tare da sabon samfur. Amma ki duba, nas ɗaya gado talatin da dare, wace za ta tsaya wa? Ba uzuri nake kawowa ba.

Ruwan zafi kuwa a'a, yana farfasa ƙwayoyin, ki sa wa yaro guba da hannunki. Leda ɗaya da za ta shiga a hankali ba ta buƙatar ɗumamawa. In ta fito daga firij a fara cikin minti 30, a gama kafin awa huɗu. Kuma ba a zuba allura a cikin ledar, ba a haɗa ta da ruwa mai suga a layi ɗaya, sai ruwan gishiri.

Garba_Kantin_Kwari:
To na ji na O, na janye. Amma maganar kuɗi ina nan. Maƙwabcinsa kyauta ya bayar, me ya sa aka caje shi?

Ɗan_Lab_Mai_Gaskiya:
Ledar kanta saye ake yi, ga kayan gwaji huɗu, ga sinadaran kuros-macin, ga man janareta. Wannan ake biya, ba jinin ba. Sayar da jini kansa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana, kuma tun 2021 akwai hukumar kula da jini ta ƙasa da doka ta kafa. Amma Yaya Garba ba ka yi ƙarya duka ba, akwai masu ɗora nasu a kai, kuma na bakin get ɗin nan ba shi kaɗai yake cin kuɗin ba, sai da ɗan gari. Ka nemi rasit kawai.

Likitar_Mata:
Ni abin da nake roƙon mazaje, tun awon ciki a san rukunin mace, a tanadi mutum biyu, in asibitin na karɓa a bayar a ajiye tun wata na takwas. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nas_A_Manchesta:
Anti, wannan yana taimakon mai dangi ne. Matar da Issoufou ya faɗa fa? Sai dai masu lafiya su riƙa bayarwa haka kawai, ba sai nasu ya kwanta ba.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai. Har yanzu ina ganin da wani ya fito ya yi mini bayanin nan a daren, ko na minti biyu, da ban tsaya sauraron na bakin get ba. Ba wanda ya ce mini komai sai "ka jira".

Ƙanena ya ba ni izinin faɗa: ciwon hanta B suka ce sun gani. Shi lafiyarsa ƙalau, ƙwallo ma yake bugawa. Ya ce zai sake gwadawa a wani wuri, wai ƙila kuskure ne irin wanda Ɗan Lab ya faɗa.

Sayantis_Na_Benci:
Ya sake, amma a babban asibiti, ba da wani tsinken a kemis ba. Gwajin tace masu bayarwa an yi shi ne ya yi saurin zargi, don haka yakan zargi mai lafiya jefi-jefi, sai an tabbatar. Sai dai ciwon hanta B yana da yawa a cikinmu, kuma shekaru yake yi shiru, ƙwallo ba hujja ba ce. In ya tabbata, ya ga likitan hanta, a gwada matarsa da 'yan gidanku, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi, allura uku ce. Jaririyarku an yi mata ta farko kuwa? Cikin awa 24 da haihuwa ake so.

Abban_Hanifa:
Kai, ban sani ba wallahi, hankalina duk yana kan uwar. Bari in duba katin.

Uwar_Tagwaye:
Duba ka faɗa mana. Issoufou, wannan rubuta sunayen da kuka yi, a littafi ne ko a waya? Mijina B negetif ne, kullum cewa yake ba a taɓa kiransa ba.